Ranar da janaretan majami'armu ya mutu

Lahadin da ta wuce muna tsakiyar sujada a Gumel, janareta ya mutu. Ni da tun da aka sayo lasifikan nan ban ƙara jin addu'ar bakina ba, sai na ji wani sanyi a raina.

Fasto ya rikice. "Baba, ko mu jira makanike?"

Na ce, "Ɗana, lokacin da kakana ya zo aikin shimfiɗa layin dogo a Gagarawa, babu majami'a. Ran Lahadi mai masaukinsa, Musulmi, kan miƙa masa buta da tabarma, ya ce ba a zuwa gaban Allah da ƙura a ƙafa. Sai kakana ya wanke ƙafa, ya durƙusa a gindin tsamiya. Kana ganin Allah bai ji shi ba?"

Fasto ya yi dariya. "To Baba, ja mana waƙa."

Na ja da tsohuwar muryata, jama'a suka amsa. Har muryar matata na tsinto a ciki, na ma manta tana da zaƙi haka.

Jiya aka gyara janaretan. Ku fa, yaushe rabon ku da jin muryar na kusa da ku a sujada?