Fiffiken Yaya Ladan da muka yi rumfa da shi

Shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Ladan, amma har yau in na ji ƙarar ƙaramin inji daga sama, sai in shige ɗaki.

Mu 'yan kasuwar yadi ne a Sakkwato. Zamanin da kuɗin mai suka cika gari, sa'o'insa suna sayen motoci, shi kuwa Yaya ya yi odar jirgin sama a wargaje cikin akwatuna. Ya ɗaure shi da kansa a tsakar gidanmu na Gidan Dahala. Kujera ce guda a kan tayoyi uku, da inji kamar na babur da farfela a baya. A bisa akwai fiffike mai kusurwa uku, ƙyalle ne aka ɗame a kan bututu marasa nauyi. Ba sitiyari, sai sanda a gabanka, in ka tura ya hau, in ka jawo ya sauko. Na ce masa wannan ai keken guragu ne da lema. Ya yi dariya, ya je ya tashi da shi, lafiya lau kuma ya sauka.

Sai soja suka karɓi mulki. Tsoro ya kama kowa, aka ce duk abin da ke tashi sama ba da izini ba, mai shi zai yi bayani a bariki. Muka tura keken cikin ɗakin ajiya, amma fiffiken ya fi ƙarfin ƙofa. Muka kafa shi a kan sanduna a tsakar gida ya zama rumfa, mata na tankaɗe a ƙarƙashinsa. Haka ya sha ranar Sakkwato bazara bayan bazara.

Da abubuwa suka lafa, Yaya ya sauke shi don ya sake tashi da shi. Dukanmu muka duba irin dubawar da muka gada: muka murza, muka ɗaga ga haske, launi bai koɗe ba. Haka ake gane atamfar da rana ta ci. Ba mu san ƙyallen roba yana mutuwa da kyansa ba.

Ranar tashin, a filin bayan unguwar Arkilla na riƙe masa hannu, na ce, "Yaya, a bar shi sai an kawo sabo."

Ya ce, "Mi kaka tsoro, Bello? Wanga ƙyalle ko launi bai sake ba."

Ya wuce tsawon bishiyoyi, ya karkata zai juyo, muka ji ɓarrr kamar an yage yadi a kanti. Allah ya jiƙansa da rahama.

Yau yara na tayar da ƙananan jirage masu ɗaukar hoto a wurin biki, ba mai ko ɗaga kai. Da Yaya na nan da ya raina su, ya ce ina daɗin tashi in ƙafarka na ƙasa? Ni kuwa lallaɓawa nake in bar wurin.

Bututun sun tafi wurin maƙera tuntuni. Abin da ya rage shi ne jikansa Nasiru, wanda ya zo mini makon jiya ya durƙusa, ya ce, "Kaka, makarantar tuƙin jirgi ta ɗauke ni, albarka nika biɗa." Idanun Ladan sak. Na ɗora masa hannu a ka, na sa albarkar.