Abin da Muka Rubuta a Gefen Shafi

Ina shekara ta huɗu da fara koyar da Hausa a wata sakandare a Gusau aka turo mana sabon malamin lissafi. Mutumin Bungudu ne, dogo, siriri, ba ya wuce farin yadi. Kullum da safe yake shigowa a motar haya, ya koma gida bayan la'asar. Yana da in'ina mai tsanani. In zai ce mana sannunku, sai ya maƙale a harafin farko, jijiyar wuyansa ta tashi, ya runtse ido, har sai kalmar ta faɗo da kanta. A aji ya samo wa kansa dabara. Komai a allo yake rubutawa, yana nuni da alli, kuma ɗalibai suna fahimta.

A ɗakin malamai muna da teburinmu na bakin taga, mu biyar. Jagoranmu malamin tarihi ne, ɗan Tsafe, mutum mai ban dariya wanda kowa ke tsoron bakinsa. Akwai kuma malamar Turanci da muke kira Madam, Kirista ce, iyayenta daga kudancin Kaduna suka zo, amma a Gusau aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu. Malamin lissafi ba ya zama da mu. Kujerarsa tana can lungu kusa da kabad ɗin rajista, yana duba takardun ɗalibai, wani lokaci ya ɗago ya yi murmushi in mun fashe da dariya, ko da bai ji abin da aka ce ba.

Wata Litinin ya taso ya zo har gabana, ya ajiye wani abu naɗe a baƙar leda.

"Ma-ma-malam," ya ce, "ka-karanta."

Littafi ne na Hausa, ya tsufa, an manne bayansa da salatif. Ina jin don ni ne malamin Hausa ya zaɓe ni. Ko kuma don ni kaɗai ne nake jira ya gama gaisuwarsa kafin in amsa, a lokacin.

Labarin zamanin Turawa ne, lokacin da jirgin ƙasa ya fara zuwa ɗaukar gyaɗa da auduga. An tsinci gawar wani dillalin auduga a rijiyar bayan sito. Zargi ya faɗa kan akawun da ke kula da sikeli, wani bawan Allah mai in'ina. Aka kai shi gaban Bature, ya kasa kare kansa, tafinta yana fassara abin da ya ga dama. Aka rataye shi. Sai a babi na ƙarshe, bayan shekaru masu yawa, tafintan ya tsufa yana jinya, ya faɗa wa 'ya'yansa cewa shi ya kashe dillalin, akawu bai san komai ba.

Kwana biyu na yi na gama shi, a gidana da ke Damba. Ya taɓa ni ƙwarai. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, duk inda marubucin ya shiga zuciyar akawun, maganarsa tafiya take sumul, ba gargada. Na gane dalilin da ya sa mai littafin yake naɗe shi a leda.

Amma da na zo makaranta ranar Laraba, ba wannan na faɗa ba. Ana shan shayi a teburinmu na fara ba su labarin, da na iso wurin shari'a sai na kwaikwayi akawun. Na runtse ido, na kumbura wuya. Ban shirya yin haka ba, bakina ne ya ga hanyar samun dariya ya bi. Aka kuwa yi dariyar. Sai kowa ya waiga lungun kabad.

"A'a," in ji malamin tarihi, "ashe akawun na nan tare da mu. Miƙo wanga littafi in gani."

Na miƙa masa ba tare da na tambayi mai shi ba.

Ya tafi da shi Tsafe ranar Juma'a, don can iyalinsa suke. Da ya dawo Litinin ya ja ni bayan ajin 'yan shekarar ƙarshe, ya buɗe mini. Ya bi gefen shafuka da jan biron da muke duba jarrabawa, yana rubuta sharhi. Inda aka fara kwatanta akawun ya rubuta, "Dogo, siriri, farin yadi. Mun gane shi." Matarsa da ƙanwarta ma sun karanta, sun sa nasu da baƙin biro. Ɗaya ta rubuta cewa ita dama ba ta yarda da mutum mai shiru-shiru ba. Sannan ya juya zuwa ƙarshe. Babin tafinta babu shi. Ya sa reza ya yanke shi tun daga gindi, labarin ya tsaya daidai inda aka rataye akawu.

"Ina takardun?" na tambaye shi.

"Sun hura wuta da su. Bari saura su karanta hakanan, mu ji mi za su ce."

Na san a nan ya kamata in karɓe littafin. Dariya na yi. Na ari bironsa, na nemo shafin da akawu yake tsaye gaban Bature yana ƙoƙarin cewa ba shi ba ne, na rubuta a gefe, "Ba-ba-ba-ba... an tashi kotu, sai gobe." Malamin tarihi ya riƙe ciki har da hawaye. Na ji daɗi sosai da na ba shi dariya, ban manta wannan daɗin ba.

Daga nan littafin ya shiga hannu. Malamin addini ya karanta, ya rubuta cewa jini ba ya ɓuya. Malamin noma ya kai wa yayansa da ke aiki a sakatariya, ya yi sati a can, ya dawo da rubutun mutanen da ba su taɓa ganin mai littafin ba. Wani ya zana mutum da igiya a wuya, an sa masa alli a hannu. Duk wanda ya gama sai ya zo teburin taga ya ba da ra'ayi. Wannan ya ce tun babi na biyu ya san akawun ne. Wancan ya ce marubucin ya san halin mutane, don irin waɗannan abin da ba su iya faɗa da baki a ciki suke tara shi. Ana faɗa ana satar kallon lungu. Kafin wata ya ƙare ba mai kiransa Malam a bayan idonsa, sai Akawu.

Shi bai san abin da ke ciki ba. Abin da yake gani kawai littafinsa na yawo, mutane na magana a kansa. Har fara'arsa ta ƙaru. Ya fara matso da kujerarsa kusa da teburinmu. Ranar nan ya zo mana da rake daga Bungudu, an fere an yayyanka, ya ajiye a tsakiyar tebur. Muka sha.

Madam ce ta ƙarshen karɓa. Ta kwana biyu da shi, ta shigo da safe fuskarta ba walwala, ta same ni ni kaɗai.

"Malam, littafin nan bai ƙare ba. Dubi nan, an yanke takardu. Kai ka fara karantawa, yaya ƙarshen yake?"

Na ce mata na manta.

Ta dube ni na ɗan lokaci. "Wannan kuma rubutun wa ye?" Ta sa yatsa a kan nawa. Na ja takardun ɗalibai na hau dubawa.

Lokacin hutun tara, ɗakin ya cika, ta tashi ta nufi malamin lissafi da littafin a rufe. Niyyarta alheri ce, na tabbata. Ta ce, "Malam, don Allah a naka sanin, akawun nan shi ya yi kisan? Na ga kamar akwai saura."

Ya karɓa, ya juya bayan littafin, ya ga gindin takardun da aka yanke. Ya shafa wurin da babban yatsa. Sai ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba a ɗakin nan, ya fuskanci teburinmu.

"Ba-ba-ba..." ya fara.

Wani ya tuntsire, don daidai abin da na rubuta ke nan. Ya sake farawa. Gumi ya keto masa a goshi. Yana son ya ce ba shi ba ne, tafinta ne. Ya kai "ta-ta-ta", ya tsaya, ya buga ƙafa a ƙasa kamar zai girgizo kalmar.

Malamin tarihi ya tashi, ya gyara hula, ya tsaya a gefensa ya harɗe hannu a baya.

"Jama'a, ku yi shiru in fassara muku. Ya ce shi ya kashe shi. Ya ce a yi mai sassauci, yana da iyali Bungudu."

Ɗakin ya kece da dariya. Har masu duba takardu a can nesa suka ajiye biro. Madam tana cewa, "Haba, ku ji tsoron Allah," ba mai jin ta.

Malamin lissafi ya juyo ya dube ni. Ya nuna ni da littafin. Wannan karon maganar ta fito masa kusan a miƙe.

"Ma-malam ya karanta. Ya sani."

Kowa ya juyo yana jirana. Malamin tarihi ya ɗaga mini gira. Kalma huɗu ko biyar kawai ake bukata daga gare ni, ni da ba ni da in'ina.

"Ni dai haka na same shi," na ce.

Malamin lissafi ya sauke hannunsa. Ya koma lungunsa ya zauna, ya buɗe littafin daga shafin farko. A lokacin ya ga jan rubutun. Muna kallo ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, yana karkata littafin don ya karanta waɗanda aka rubuta a kwance. Bai tsallake ko ɗaya ba. Aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya tafi aji, shi yana nan. Da na dawo bayan darasi biyu na tarar ya kai wurin zanen igiya. Ya gama, ya mayar da shi cikin ledarsa, ya ɗauki allinsa ya fita.

Na zaci abin zai tsaya a ɗakin malamai. Bai tsaya ba. Ban san ta bakin wa ya fita ba, amma cikin sati biyu ɗalibai sun samu. In ya juya yana rubutu a allo, sai a ji daga bayan aji, "Akawu, ina gawa?" In ya waiwayo don ya tsawata, sai ya maƙale, ajin ya ɗauka tare da shi, "ba-ba-ba", suna buga tebur. Mutumin da ya shekara yana koyarwa lafiya da alli kaɗai, ya koma ba ya iya riƙe aji na minti goma. Shugaban makaranta ya kira shi, ya ce iyaye sun fara ƙorafi. Aka karɓe azuzuwansa aka ba wani, shi aka ba shi makullin sito, yana ƙirga kujeru da tsintsiya. Madam ta je ta yi wa shugaban bayani, ya ce mata shi bai ga laifin kowa ba, wasa ne na abokan aiki. Ta daina zama a teburinmu daga ranar. Ni kuwa gaisuwa kaɗai ke haɗa mu har ta bar makarantar.

Zango ɗaya ya yi a sito, ya nemi canji zuwa Bungudu, aka ba shi. Ba a yi masa walimar bankwana ba. Ran da zai tafi ya bi kowa ya ba shi hannu, har da ni, har da malamin tarihi.

Bayan shekara shida mahaifin malamin noma ya rasu a Bungudu, muka cika mota muka je gaisuwa. Muna zaune a tabarma a ƙofar gida sai na hango shi yana zuwa. Ya ƙara ramewa, furfura ta fito masa a gemu. Ya yi wa masu makoki ta'aziyya, ya gaisa da mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya tashi tafiya na bi shi, na cim masa a gindin wata bishiyar dalbejiya.

Na ce, "Malam, akwai maganar da ta daɗe tana damuna. Abin da ya faru a kan littafinka. Na san ƙarshen labarin, na yi ƙarya. Kuma har da hannuna a rubutun. Don Allah ka yafe mini."

Ya dube ni. Ya buɗe baki.

"Na-na-na..."

Na ƙagu. Na kama hannunsa da hannu biyu, na ce, "Ka yafe. Na gode, Malam, Allah ya saka da alheri."

Ya girgiza kai. Ya zare hannunsa a hankali, ya ɗaga mini tafi alamar in jira. Ya runtse ido, jijiyar wuyan nan ta tashi. Na tsaya a wurin ina jira, masu wucewa suna kallonmu.

"Na ji," ya ce.

Ya gyara hularsa ya bi ta lungun masallaci.

Da na koma mota kowa ya shiga, ni ake jira. Malamin tarihi yana gaba kusa da direba, ya zama mataimakin shugaban makaranta a lokacin. Ya leƙo ta taga.

"Kun daɗe. Mi Akawu ya ce maka? Ko har yanzu bai gama ba?"

Aka yi dariya. Na ce gaisawa kawai muka yi. Na matsa aka rufe ƙofa, direba ya tayar da mota muka kama hanyar Gusau.