Ɗigon da Na Ɓoye Wa Babana

Salamu alaikum. A waya nake rubuta wannan, a yi mini uzuri. Lokacin da abin ya faru ina gyaran waya a kasuwar Sokode, ina ji da kaina, don duk gidanmu ni kaɗai ke jin Faransanci. Babana tsohon direban babbar mota ne, a Dapaong yake zaune, kuma tun ban zo duniya ba yake shan taba. Tari ya kama shi ya ƙi saki, aka ce mu kai shi Lome a sa shi a sikana, injin nan da mutum ke kwanciya a tura shi ciki a ɗauki hoton ƙirjinsa.

Likitan ya nuna mini wani farin ɗigo a huhunsa, bai kai ƙwayar wake ba. Ya ce galibi irinsa ba ya zama komai, amma mai shan taba ba a yi masa sake, dole mu dawo bayan 'yan watanni a sake hoto a ga ko ya girma. Baba na kallon bakina, ya tambaye ni me aka ce. Kun san mu, ɗa ba ya duban idon uba ya gaya masa mugun labari. Na ce masa ƙirjinsa fes. Ya yi hamdala, har ya tsokane ni wai yau boko ya yi rana. Muna fita ya kunna sigari, ina kallo.

Na ce a raina in lokaci ya yi zan san dabarar da zan yi. Sai zanga-zanga ta ɓarke a Sokode. Tayoyi na ci da wuta a titi, soja ko'ina, a yanke rezo, wato layin waya, yau a maido gobe. Da na samu na kira shi kan maganar komawa, sai ya tambaye ni ko hayaƙin ya taɓa mini kai. Ya ce hanyar Lome ta Sokode take bi, wane lafiyayye ne zai kai kansa bakin bindiga don hoto? Ba ni na ce fes ba? Ina jin tarinsa a wayar, amma na bar maganar a haka. Lokacin komawa ya wuce.

Ran da ƙanwata ta kira ta ce ta ga jini a hankicinsa, na hau motar Dapaong na gaya masa komai. Bai yi faɗa ba. Ya ce dai yaron motar da ya hango rami ya yi shiru don kada direba ya tsorata, shi ke kifar da mota.

A hoto na biyu ɗigon ya kai goro. Likita ya tambayi dalilin jinkiri. Kafin in yi magana Baba ya ce in gaya masa hanya ce ta rufe. Sannan ya dafa gwiwata ya ce wannan karon in fassara masa duka, kada in rage.

Yana shan magani yanzu, ba mu san inda abin zai tsaya ba. Ko wayata ta yi ƙara gabana faɗuwa yake. 'Yan'uwa masu raka iyaye asibiti, in kai ne bakin likita, faɗi abin da ya faɗa. Na ɗauka tausayinsa nake ji, ashe kaina na tausaya wa, ga shi ƙirjin nasa ne.