Jirgin da Na Nema a Teku

Wasiƙar ƙanena ta zo bayan wata biyu da faɗuwar Baba. Hawan jini ne ya kayar da shi, ya shanye masa ɓarin dama, ya ɗauke masa magana, sai 'yan kalmomi da yake fizgowa da ƙyar. Mamanmu ta daɗe da rasuwa, don haka ni kaɗai ce a kansa a gidanmu na Muchia, cikin Zariya. Da safe in wanke shi, in ba shi koko, in bar shi hannun matar maƙwabcinmu, in hau bas zuwa Samaru inda nake koyarwa a wata firamare. A farkon shekarun dubu biyu ne, lokacin da wayar hannu sai wane da wane.

Ƙanen nawa ya bar gida tun kafin ciwon, kuma ni na kore shi, da bakina. Ya faɗi jarrabawar gama sakandare karo na biyu, ni kuwa a lokacin ina karatun digiri na ƙarshen mako, kaina ya kumbura har ƙofar ɗaki tana mini kaɗan. Na ce masa a gaban Baba, "Kai dai iyakarka tashar Sabon Gari. Can za ka ƙare, kana ɗaukar wa mutane kaya." Washegari jakarsa ba ta nan. Magana zarar bunu ce, na sani, ni ma ina koya wa yara karin maganar a aji.

Wasiƙar gajera ce, babu adireshi a jikinta. Har yau na haddace ta. Ya ce ya samu aiki a jirgi, yana kicin, suna dafa wa manyan mutane masu ɗakunan kwana. Ya ce shi nasa wurin kwanan bai fi akwati ba, kuma ba sa daɗewa a gari ɗaya. Ya ce a gaishe da Baba, in Allah ya yarda za mu gan shi. Na juya ambulan ɗin na duba hatimin gidan waya, na ga Apapa. Wanda ya yi karatu ai ya san Apapa tashar jiragen ruwa ce a Legas. Na karanta wa Baba, ya saurara idonsa a kaina, ya ce, "Jirgi." Na ce, "E, Baba, jirgi. Ɗanka ya shiga teku."

Akwai wani dattijo mutumin kudu mai gyaran agogo a unguwar PZ, wanda ya yi aikin jirgin ruwa yana saurayi. Ya fi shekara talatin a Sabon Gari amma har lokacin in yana Hausa bai raba "ka" da "ki" ba. Na kai masa wasiƙar na fassara masa. Ya ajiye gilashin da yake maƙalawa a ido ya ce, "Kai, 'yata, ɗan'uwanka ya ci sa'a. Ɗakin kwana? Manyan mutane? Ba jirgin kaya ba ne. Wannan jirgin hutawa ne. Turawa suna shiga ba don za su je wani wuri ba, su ci, su kwana, su tashi su sake ci." Ranar Lahadi na miƙe a coci na yi godiya cewa ƙanena yana aiki a jirgin ruwan Turawa. Mata suka yi guɗa. Na zauna ina jin kamar ni na samo masa aikin.

Murnar ba ta yi nisa ba. Baba ya fara ƙin abinci, haɗiya ta zama masa aiki. Likitan da ya duba shi ya ja ni gefe ya ce in akwai na nesa da ya kamata ya gan shi, a kira shi yanzu. Na ce akwai, amma ban san inda yake ba. Ya dube ni kamar na yi masa wasa.

Daga nan na zama 'yar kafe, wurin da ake biya a shiga intanet. Akwai wani a Samaru da ɗalibai suke cika, a bene, mai zafi kamar gidan burodi. Ina tashi daga makaranta zan tafi can in jira kwamfuta ta samu. Hoto ɗaya sai ya ɗauki minti nawa yana saukowa, daga sama zuwa ƙasa, sararin sama tukuna, sannan bututun hayaƙi, sannan jirgin. In aka ɗauke wuta a koma farko. Dabarata ita ce in gane kamfanin daga abin da ya rubuta: kicin, ɗakuna, manyan mutane. Na tattara kamfanoni da yawa, na tace su suka koma uku, na sa musu suna da kaina don sunayensu na karya harshe.

Na farko na kira shi na 'yan biki. Jiragensa manya ne, wai wani ya fi unguwa guda ɗaukar mutane. Ɗakunan cin abinci a jere, wannan na naman gashi, wancan na kifi, wani kuma ba a rufe shi, ko yaushe ka ji yunwa ka je ka ɗiba da hannunka. Amma ɗakunan kwanansa masu araha a ciki suke, babu taga, kana kan teku ba ka ganin ruwa. Kuma na lura da wayonsu: kuɗin shiga da sauƙi, sai ka shiga a fara yankarka, abin sha daban, wankin kaya daban. Irin mai masaukin da zai ba ka tuwo kyauta ya sayar maka da miya.

Na biyu na tsofaffi ne. A duk hotunansa masu furfura ne a zaune. Ba a cin abincin dare sai da kwat, kowa da teburinsa da mai yi masa hidima har tafiya ta ƙare. Cokula a jere gefen faranti kamar kayan aikin dattijon PZ. Ɗakunan suna da taga zagayayya, na sama kuma har da baranda.

Na uku ƙarami ne, shi ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma in ka biya ka gama biya. Kowane ɗaki da barandarsa, da mutum guda da aikinsa kawai ya goge maka takalmi ya kawo maka shayi. Kuku zai zo ya tambaye ka abin da ranka yake so. Na zauna na auna su ukun kamar mai shirin tafiya, na ga in mutum yana da hali, ƙaramin nan ya fi cin kuɗinsa. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Samaru girma ba.

Ina sa a buga mini shafukan a takarda in kai wa dattijon mu yi gardama. Shi ya ce na tsofaffin ne, don su ake kira manyan mutane. Ni na ce ƙaramin ne. Da na yi tunani kuma sai na ce a'a, wa zai ɗauki yaron da ba shi da takarda a irin wannan wuri? Sai dai na 'yan biki, inda ake buƙatar hannu da yawa wajen wanke tukwane. Haka na yi ta yawo tsakanin ukun, yau nan gobe can. Na rubuta wa kowannensu imel da Turancina mafi kyau. Na faɗi sunansa, da tabon da ke goshinsa, na ce mahaifinsa yana bakin mutuwa. Biyu ba su amsa ba. Ɗaya ya amsa bayan kwana uku. Na buɗe. Suna gode mini da sha'awar tafiya da su, kuma in na yi sauri akwai rangwame a ɗaki mai baranda na mutum biyu. Na kifa kaina a kan teburin na yi kuka, ɗalibin da ke jiran kujerar yana tsaye a bayana.

Ban taɓa jin tsoro irin na makonnin nan ba. Da rana ina kallon hoton wani ƙaton jatan lande kwance a kan ƙanƙara, da yamma ina roƙon Baba ya haɗiye cokali ɗaya na koko, rabi yana dawowa ta gefen bakinsa. Na daina cin abinci sosai. Na fara dukan yara a aji a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Gidanmu ba shi da nisa da layin dogo. Kakanmu daga kudancin Kaduna ya zo Zariya aikin reluwe, Baba a kwatas ɗin ma'aikata aka haife shi, kafin ya zama malami. A shekarun nan jirgin ƙasa ya riga ya ja baya, sai ya yi kwanaki bai zo ba, in ya zo ma ba a kan lokaci ba. Amma duk ranar da ya yi kuka daga nesa, sai Baba ya zabura. Ya dinga buga katifa da hannunsa mai lafiya yana cewa, "Jirgi. Tasha." Ni kuwa in dafa shi in ce, "Baba, ba wannan ba ne. Nasa na ruwa ne, ba ya zuwa Zariya." Har takardun nake nuna masa, in ce ga irin wurin da ɗanka yake. Sai ya ture su.

Wata Asabar da yamma na dawo daga kafe ba tare da komai ba, ƙafafuna sun kumbura, sai ga kukan jirgi. Baba ya fara. Ya kama zanena ya riƙe gam, yana ja yana nuna ƙofa. "Tasha. Tasha." Na fizge zanena na daka masa tsawa. Na ce, "Baba, don Allah ka bar ni in ji da abu ɗaya! Akwai teku a Sabon Gari ne?" Ya sake ni. Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya juya fuskarsa bango. Na ce a raina ciwon ya taɓa masa kai. Daga ranar ko jirgi ya yi kuka bai ƙara cewa komai ba.

Ya rasu bayan kwana tara, da hantsi, ina riƙe da kofin ruwa.

Aka kai shi ɗakin ajiyar gawa don 'yan'uwa su taru. Goggo, ƙanwar Baba, ta aiko cewa ta iso Kaduna amma ba za ta shiga mota ba, amai take sa ta, za ta jira jirgi ko yaushe zai zo. Ranar da aka ce yana hanya na ɗaura baƙin zane na tafi tarbarta. Tafiyar ba ta kai minti ashirin a ƙafa ba. Rabon da in taka tashar nan tun ina yarinya.

Jirgin ya shigo yana ja da ƙyar. Ina bin taragun da ido ina neman Goggo, sai na ga wani ya zuro kai da kafaɗu ta wata taga mai baƙin hayaƙi, yana duba mutanen da ke tsaye ɗaya bayan ɗaya. Farar riga ce a jikinsa, ta sha manja. Tabon na fara gani.

"Yaya!" Ya yi tsalle ya sauko tun jirgin bai gama tsayawa ba, da leda a hannunsa. Yana dariya, duk haƙoransa a waje. "Yaya, kin zo! Na san wata rana za ki huce."

Na ce, "Me kake yi a nan? Ba kana teku ba?"

"Wace teku?"

"Ka ce jirgi. Hatimin Apapa ne a wasiƙar."

Ya ce, "A can abokina yake, wurinsa nake sauka in mun isa Legas." Ya ƙara dubana, dariyar tana raguwa. "Yaya, a gidanmu in an ce jirgi, akwai wani ne?"

Ya ci gaba da magana da sauri, kamar yadda yake yi tun yana yaro in yana jin kunya. Ya ce shi yake dafa wa 'yan taragon farko, masu gado. Ya ce duk zuwan da suka yi, hawa da sauka, sai ya leƙo ta tagar nan ko zai ga wani daga gida. Bai iya takowa Muchia da ƙafarsa ba, don maganata ta tabbata, a tasha ya ƙare. Ya ce in an zo an tarbe shi ya san an yafe, da ba a zo ba sai ya ɗauka har yanzu ina fushi. Ya ɗaga ledar. Burodin Legas ne, irin wanda Baba yake so da shayi. Ya ce kowace tafiya yana saya, in sun kai Kano ya rabar.

"Baba fa?" ya ce. "Shi na san ya gane. Me ya hana shi zuwa?"

Na buɗe baki, sai ga muryar Goggo daga can baya. Ta sauko, ta hango ni cikin baƙin zane, ta ɗora hannu a ka ta fara kukan makoki tana kiran sunan yayanta. Ƙanena ya waiwaya ya gan ta. Ya juyo ya dubi zanena, wanda sai yanzu ya lura da shi. Bai yi kuka ba a lokacin. Ya zauna a ƙasa, a nan bakin dogo, burodin yana kan cinyarsa.

Da muka isa gida shi ya gyara ɗakin Baba don baƙi. A ƙarƙashin gadon ya tarar da takardun da Baba yake turewa, hotunan jirage uku da ɗakunansu da abincinsu, da rubutuna a gefe da jan biro. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa su ya miƙo mini. Ya tambaye ni sau nawa jirgi ya yi kuka Baba yana da rai, na ce masa ban ƙirga ba. Ƙarya na yi, sau shida ne.