Mai Maganin Dunduniya a Kasuwar Bodinga

Dogo ne, mai jar hula, yana tallar man shafawa a tsofaffin kwalaben turare. "Ciwon dunduniya ya ƙare, Baba!" yake ce wa wani tsoho. "Ni ma shi na shahwa na samu lahiya." Har tsalle yake yi.

Ni dai ban yarda ba. Ciwon nan ya daɗe a ƙafata, na san halinsa: sai ka zauna ka tashi yake kama ka. Don haka nake jira.

Ga shi mai maganin ya zauna ya sha fura, ya gama ya miƙe. Ya cije leɓe, yana takawa da yatsu kamar mai gudun ƙaya. A cikin takalminsa kuwa na hango guntun katifa, irin wanda ke cikin nawa.