Kunya a Kan Ƙanƙara

Ni ce na kawo mu Kanada, kuma har gobe ba na jin nauyin faɗin haka. Shekara da shekaru ina aikin nas a Kafanchan, ina karatun jarrabawa a kan benci tsakanin allurar wannan da ta wancan, har Ubangiji ya sa takardar tafiya ta fito. Muka tattara yara biyu da akwatuna, muka sauka a wani gari mai faɗi da tsabta, inda ko kare ba ya haushi sai da dalili. A sati na biyu na fara aiki. Maigidana kuwa ya fara zama.

Mutumin ƙauyen Nok ne. A gida malamin sakandare ne mai koyar da aikin gona, kuma ba a kan allo kaɗai ba. Duk Asabar ɗin damina sai ya hau mashin ya tafi ƙauye, ya saɓa garmarsa, ya shiga gona tun raɓa ba ta bushe ba. In an kira gayya a garinsu shi ake sawa a gaba, don kunyar da ya ja tana tafiya ɗoɗar kamar an ɗaura igiya. Ranar da za mu taso ya jingina garmar a bayan ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, ya ce kada wanda ya taɓa ta, zai dawo. Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba, don na san mijina.

A Kanada takardunsa na koyarwa ba su ci ba. Aka ce ya jira, ya jira, aka ce ya ƙara jira. Ya zama shi ke kai yara makaranta, shi ke girki, shi ke leƙen taga. Ba aikin gidan ne ya dame shi ba, ya ma fi ni iya tuƙa tuwo, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba. Abin da ke cinsa kiran ranar Lahadi ne. Bayan an tashi daga sujada, mahaifiyarsa takan sa ƙaninsa ya kira mu ta bidiyo, ta kawo fuskarta dab da waya har ba a ganin komai sai hanci, ta ce:

"Ka samu aiki, ko har yanzu matan ka ne yana ciyar da kai?"

Ba da mugunta take faɗa ba. Haka Mama take, abin da ke cikinta shi ke bakinta. Amma in aka kashe wayar, ko yara ba sa iya sa mutumin nan dariya. Kayansa ma ya ƙi fitar da su daga akwati. Zai wanke riga, ya goge, ya ninke, ya mayar ciki kamar baƙon kwana biyu.

Wata rana ina shirin fita aiki ya ce, "Maman yara, in ruwa ya sauka a gida zan koma in yi noma. Kunya yana kashe ni a nan."

Na ce, "Ka koma ka bar ni da waye? Da sanyi?"

Na ƙara da wasu maganganun da ba zan rubuta ba, don bakina yana da sauri. Amma gaskiyar ita ce tsoro ne ya kama ni. Na san in ya tafi da sunan damina ɗaya ba zai dawo ba, yaranmu kuma za su girma suna ganin ubansu a waya, hanci kaɗai.

Layinmu gida bakwai ne. Mu da muka saba gaida mutum har da tambayar akuyarsa, sai ga mu cikin mutanen da in ka ce musu ina kwana sai su ɗan motsa leɓe su wuce. Akwai wata tsohuwa a ƙarshen layi, tana zaune ita kaɗai. Akwai wani dogo mai kare, wanda karen ya fi shi fara'a. Dokar garin kuma ita ce in dusar ƙanƙara ta sauka kowa ya share gaban gidansa. Haka suke yi, daidai kan iyaka, ko taki ɗaya ba sa ƙarawa.

Ranar da ƙanƙarar ta sauka da gaske, har gwiwa, na kutsa na tafi aiki da sassafe, na bar shi yana jujjuya shebur ɗin da mai gidan haya ya bar mana. Da na dawo da la'asar sai na tsaya a bakin layi, na zaci ɓata na yi. Hanya tas, daga gidanmu har gidan tsohuwa. Ƙanƙarar kuwa ba tara ta ya yi ba yadda kowa ke yi. Kunya ya ja da ita. A filin ciyawar gaban kowane gida ga su nan a jere, farare, a miƙe, da kwarinsu a tsakani. Abin da ya rage kawai a kawo irin gyaɗa.

Labule yana motsi a kowace taga. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce, "Baban yara, me ka yi haka? A nan ba a taɓa filin mutum!"

Yana tsaye, gumi na tashi daga hularsa kamar hayaƙi. Ya ce, "To ina zan zuba? In tara shi kamar juji? Hannu na bai iya ba."

Muna cikin haka sai ga tsohuwar ta fito da sanda, tana buɗe jakar kuɗinta. Maigidana ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi. Mutumin da ya yi shekaru yana koyarwa da Turanci, ranar Turancin ya gudu ya bar shi.

"Gaya masa," ya ce da ni, yana nufin tsohuwar, "ni ba lebura ba ne. Gayya ne."

Na yi mata bayani yadda zan iya. Na ce a wurinmu in aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya sai maza su fito su yi tare. Ba a biya. Mai gona ya dafa abinci, ran da aka kira na wani shi ma ya je. Ta dube ni, ta dube shi, ta rufe jaka ta koma ciki. Na ce a raina shi ke nan, gobe takardar hukuma za ta zo. Ba a yi awa guda ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ita ce, da tukunyar miya, babu gishiri babu yaji, irin wadda ko majinyaci zai mayar. Maigidana ya shanye ta tas, har da karkata tukunya.

Da ƙanƙara ta sake sauka, yana fita sai ya tarar da mai kare a tsaye da shebur. Mai karen ya nuna kunyoyin da suka fara lotsawa, ya ce a koya masa. A karo na uku maza huɗu ne, da wata mata da ta fi su duka ƙarfi. Daga kicin nake jin muryar da na yi wata da watanni ban ji ba, muryar malami, yana ce musu su lanƙwasa gwiwa ba baya ba, su dubi na gabansu. Ni kuma na san aikina a gayya. Na dama kunu, na zuba cittar da Mama ta ɗaure mana a leda, ban rage hannu ba. Suka sha suna tari, hawaye na zuba, suka miƙo kofi a ƙara. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon mijina a gaba, Turawa na binsa a baya, kaina ya yi girma har na ji ƙofar ta yi mini kaɗan.

Aikin albashi bai zo masa a lokacin ba, sai can daga baya. Amma akwai wata Lahadi, damina ta kusa a gida, mu kuma ƙanƙarar ƙarshe ta sauka. Suna tsakiyar aiki wayar ta yi ƙara. Maimakon ya shigo ɗaki kamar yadda ya saba, sai ya juya ta yana nuna wa Mama layin.

Ta ce, "Wannan gonan waye?"

"Gayya ne, Mama."

"Turawa ne suna bin ka haka?"

"Su ne."

Ta ƙura ido tana dubawa. Can ta ce, "Kunya na uku ya karkace. Waye ya ja?"

"Mai kare."

"Ka koya masa da kyau. Kar ya ɓata maka suna."

Na tsaya ina jiran tambayar nan ta kullum. Ba ta zo ba. Shi ne ma ya gyara murya ya ce, "Mama, garma na da yake bayan ƙofa, a ba ƙanina. Ruwa ya kusa, kar ya yi tsatsa."

Mama ta ja da baya daga wayar. Ranar ce ta farko tun zuwanmu da muka ga fuskarta gaba ɗaya, na kuma ga yadda ta tsufa. Ta daɗe tana kallon ɗanta. Sannan ta share ido da bakin zane ta ce, "To. Amma zan gaya masa aro ne."

Da ya shigo, ko takalmi bai cire ba ya wuce ɗaki. Na ji ƙarar zik ɗin akwati. Can ya ƙwala mini kira, wai in zo in kwashe tarkacena, na cinye wardirof ɗin duka, ba shi da inda zai rataye ko riga ɗaya.