Muryata Ce, Kuma Ban Janye Ba

Ranar sunan, mu biyar ne a ɗakin mai jego, ban da 'yan suna da suka cika tsakar gida: ni, da surukata matar ɗana wadda ta haihu, da uwarta, da ƙanwata, sai aminiyata, wadda aka kawo mu Tudun Wada a shekara ɗaya muna amare. Ba zan kama sunan kowa ba. Ban taɓa zama a aji ba. Wannan ma faɗa nake yi, wata malamar makaranta da ke haya a gidanmu tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara min magana. A lokacin ni ake aiko wa idan za a yi binciken aure a unguwarmu. Ina da ido, ba ni da yawan dariya, abin da na gani kuma shi nake faɗa, ko ɗan wane ne.

Da girma ya fara zuwa, kai ya daina riƙe komai, sai ɗana ya ba ni tsohuwar wayarsa, ya nuna min inda ake dannawa a ɗauki murya. Duk sanda na dawo daga bincike sai in rufe ɗaki in faɗa wa wayar wanda na tambaya da abin da ya ce, don kada in ƙara ko in rage. A cikinta kuma akwai waƙoƙin niƙa na marigayiya mahaifiyata, da aka juyo min daga wani tsohon kaset a wani shago a unguwar Kongo. Wata rana wayar ta faɗa bahon wanki ta mutu. Kwana biyu ban ci abinci ba, kamar an sake yi min rasuwar. Ɗana ya kawo sabuwa, ya ɗan latsa, sai ga muryar tsohuwa ta dawo ras, har da tarinta. Ya ce wai akwai wata ma'ajiya a intanet da suke kira kilawud, ko wuta ta cinye waya abin yana can. Na tambaye shi wa ke riƙe da makullin, ya yi dariya ya ce Inna ki kwantar da hankalinki. Na ce to a zuba komai nawa a can. Ni da nake bincikar gidan mutane har kaka da kakanni, ban binciki gidan da na kai ajiyata ba. Ashe ma'ajiyar tasa ce, wayar matarsa ma a nan take ɗauko waƙoƙi.

Ana nan sai ɗan aminiyata ya nemi wata yarinya a Dutsen Abba, baffan yarinyar ya aiko min a asirce. Ya kamata in ce a nemi wani, amma ban ce ba. Na bincika, na samu yana shan maganin tari a bayan wasu shaguna a Kwangila. Sau biyu na gan shi da idona yana layi. Matarsa ta fari kuwa da karyayyen hannu ta koma gidansu. Na faɗa wa waya, na faɗa wa baffan. Dangin yarinyar suka mayar da kayan neman aure, suka ce sun yi istihara abin bai kwanta musu ba. Aminiyata ta zo ɗakina tana kuka, tana tsine wa munafukin da ya ɓata mata ɗa. Na ba ta ruwa, na ɓoye mata cewa ni ce.

Ranar sunan, bayan la'asar, aka haɗa wayar surukata da sifikar da ke tsakar gida, waƙa na bin waƙa. Can sai waƙar mahaifiyata ta fito, mata suka ɗauki guɗa, ni kuwa kaina ya kumbura. Tana ƙarewa sai aka ji gyaran murya, aka ji bismillah, sai ga muryata ina kiran sunan ɗan aminiyata da na uwarsa, ina jero komai dalla-dalla. Surukata ta zabura da jariri a hannu tana laluben waya, kafin ta kashe an riga an kai ga maganar hannu. Aminiyata ta ajiye kwanon waina, ta dube ni, ta ce ƙawa, muryar wa nake ji haka. Ƙanwata ta yi caraf ta ce ai rediyo ce ta shigo. Na ce ba rediyo ba ce, ni ce. Aminiyata ta ce ashe shekara arba'in da 'yar sanda take cin tuwo, ta ja mayafi ta fice.

Ɗana ya baro maza ya shigo yana gumi. Ya ce yanzu akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum, in ce ita ce, shi zai tsaya min shaida. Uwar surukata ta ce Hajiya ki karɓa, a rufa asiri. Na ce masa ya dubi fuskata da kyau, ya gaya min ranar da ya taɓa ganin na tofa magana na koma na lashe. Ban yi wa ɗan aminiyata ƙage ba. 'Yar mutane na tsare, kuma ko gobe aka tambaye ni, amsar ba za ta sauya ba. Ba zan ɗora wa na'ura abin da bakina ya faɗa ba.

Laifina biyu ne, ba kuma wanda mutane ke lissafa min ba ne. Na ɗauki amanar da ya kamata ta tsaya tsakanin baki da kunne na kai inda ban san ƙofarsa ba. Sannan na ɓoye wa aminiyata abin da ita ya fi kamata ta fara ji, na bar sifika ta gaya mata a gaban dangin wasu. Wannan shi ke cina har yau. Ban ce ku guji kilawud ba, ai da ba don shi ba da muryar uwata ta tafi da ruwan wanki. Amma 'yan uwana mata, musamman mu da ba ma karatu, kada a latsa muku abu ku ce to. Ku tambaya ma'ajiyar ta wace ce, wayoyi nawa ke buɗe ta. Waƙa ku ajiye a can. Sirrin wani kuwa ku bar shi a ƙirji, in ƙirjin ya manta, hakan ya fi.

Washegari ina idar da azkar na ɗauki hijabi na nufi gidan aminiyata. Na same ta tana shara. Na yi sallama sau uku ba ta amsa ba, sai na ɗauko tabarma da kaina na shimfiɗa a bakin ƙofarta na zauna. Na ce ban zo janye ko kalma ɗaya ba, na zo ne ta ji da bakina, daga farko, yadda ya kamata ta ji tun ranar da ta yi kuka a ɗakina. Ta ci gaba da shara, tana turo min ƙurar a ƙafa. Ban matsa ba. Na fara.